Kunnen Walƙiya

Damina ta zo ta wuce tun da suka tare a sabon gidan, amma har yanzu akwai kwalayen da ba a kwance ba a kusurwar falo. Maman Walƙiya ce ta hana a taɓa su. Ta shimfiɗa wa na sama tsohon mayafi, ta mayar da shi wurin ajiye kofuna. In mijinta ya yi magana sai ta ce ai ba gudu za su yi ba.

A gefen kwalayen nan ta durƙusa wata safiyar Asabar tana sa wa 'yarta na'urar ji. 'Yar aba ce lanƙwasasshiya mai launin ƙasa, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Ana rataya ta a bayan kunne, siririn bututu ya zagayo ya shiga ciki. Da ita yarinyar ke jin duniya, in babu ita ko ƙofa aka buga da ƙarfi ba ta waigowa. Shekararta huɗu da 'yan watanni, kuma tun tana rarrafe ba ta zama wuri ɗaya, shi ya sa ake ce mata Walƙiya.

"Ce 'ina kwana', 'yar albarka. Dubi bakina. I-na kwa-na."

Yarinyar ta dubi bakin uwarta, ta dubi ƙasa. Ba ta ce komai ba.

Mahaifinta, wanda kowa ke kira Injiniya, ya fito daga ɗaki ya ɗauki makullin mota. Gidan Hajiya mahaifiyarsa zai kai yarinyar gaisuwa, kamar yadda ya saba duk ƙarshen mako. Walƙiya na ganin makulli a hannunsa ta sa yatsu biyu ta zare na'urar, ta ruga ta cusa masa ita a aljihu. Da gwaninta ta yi, irin na wadda ta daɗe tana yi. Sannan ta miƙa masa kanta, tana jira ya ja mata hular ulu ta rufe kunnuwan.

Maman Walƙiya ta miƙe a hankali.

"Baban Walƙiya, wa ya koya mata wannan?"

"Yara ne fa, kin san halinsu—"

"Ban sani ba. Kai nake tambaya."

Ya zauna a hannun kujera, makulli na kaɗawa a yatsansa. Bai iya ƙarya ba, abin da ya sa ta aure shi ke nan. A ɗakin gwajin jini na wani asibiti suka haɗu a babban birni, ita ke ɗibar jini, shi kuwa ya zo da kuri da ƙwambo, yana ganin allura ya sulale ƙasa. Da ya farfaɗo bai ce yunwa ce ko zafin rana ba, cewa ya yi, "Malama, tsoro ne." Ta yi dariya har da hawaye, ta ce a ranta wannan ba zai taɓa ɓoye mata komai ba.

"Hajiya ce ta roƙe ni," ya ce. "Kin san ana maganar auren ƙanwata Auta. Dangin yaron suna ta bincike a gari, ina muka fito, wace cuta ce a gidanmu. Hajiya tana tsoron a ce akwai kurumta a jininmu. Ta ce in dinga cire mata a mota kafin mu shiga unguwa. Na ɗan lokaci ne, wallahi, da an ɗaura aure shi ke nan."

"Tun yaushe?"

Ya kau da kai gefe.

"Tun da muka zo ke nan! Ni ina nan ina ta zargin kaina, ina cewa ko ban iya koyarwa ba ne, ashe kai kana can kana koya mata cewa kunnenta abin kunya ne!"

"Haba, ki yi magana a hankali mana."

"Don kada wa ya ji? Ita? Ai ka cire!"

A babban birni Walƙiya tana zuwa wurin wata malama mai koyar da magana ga yara irinta. Kafin su taso ta kai ga haɗa kalma uku, har tana yi wa babanta tsiya in ya yi minshari. Sai aka yi wa Injiniya tayin shugabancin reshen kamfanin ruwa a garinsu. Hajiya ta yi ta kira a waya tana cewa ya dawo kusa, ƙarfinta ya ƙare. Shi ma ya gaji da cunkoson motoci da gidan haya mai ɗaki biyu. Ya yi wa matarsa alkawarin tsakar gida mai faɗi da iska mai kyau, kuma ya cika. Sai dai akwai abubuwan da ba ya gani, don shi ɗan gari ne.

Garin ya fi ƙauye nesa ba kusa ba, amma bai kai birni ba. Akwai fitilun kan titi, akwai bankuna, akwai babban asibiti guda ɗaya. A asibitin babu likitan kunne, sai wani da ke zuwa daga nesa in ya sami hali. Malamar koyar da magana kuwa ko labarin irin aikin ba a sani ba. Batirin na'urar, ɗan mitsitsi kamar maɓallin riga, ba a sayar da shi ko'ina, sai mai kemis ɗin bakin kasuwa ya aika an kawo. Maman Walƙiya ta kai takardunta ɗakin gwajin jini, aka karɓe ta da fara'a, aka ce gurbin mutum kaɗan ne, kuma waɗanda ke kai ba su da niyyar tsufa. A ƙauye, in an san damuwarka, akan zo a kama maka. A birni ba wanda ya san ka, ba wanda ya damu da abin da ke bayan kunnen 'yarka. Nan kuwa sun san mutum daidai yadda za su yi maganarsa, ba su san shi yadda za su ɗauke masa kaya ba. In ta sayi sabulu da safe, kafin azahar Hajiya ta san irinsa.

Ranar Litinin ta bi Walƙiya makaranta, ta tsaya ta ga malamar ajin. Ajin ya cika maƙil, fanka na ƙara a sama, ga hayaniyar titi ta taga.

"Matar Injiniya ce, ko? Sannu da zuwa!" in ji malamar. "Ai yarinyarki ba ta da matsala ko kaɗan. Shiru-shiru, ba ta faɗa da kowa."

"Tana amsawa in kin yi tambaya?"

"To... ba ta cika magana ba dai."

"Na'urarta fa? Tana barin ta a kunne?"

Malamar ta buɗe ido. "Wace na'ura?"

A cikin safar ƙafarta suka same ta. Kullum da ta shigo ƙofar makaranta, ta ga mutane, sai ta zare ta tura cikin safa, in an tashi ta mayar kafin uwarta ta iso. Maman Walƙiya ta riƙe 'yar abar a tafin hannu, da ɗumin ƙafar yarinyar a jikinta. Ba ta yi kuka a gaban malamar ba, sai da ta fita bayan katanga.

Da yamma Injiniya ya dawo ya tarar da akwati a kan gado.

"Me ke nan?"

"Ba yaji zan yi ba, kada ka tsorata. Gidan Yayana a birni zan kai ta, ta koma wurin malamarta. Likita ya gaya mana tun farko, kana zaune, cewa shekarun nan ne harshe ke kamawa, in suka wuce sun wuce."

"Ni kuma fa? Ki bar ni a gidan nan ni kaɗai, gari ya ce matata ta gudu?"

"Ka ji ka! Gari ya ce, gari ya ce! Tun da muka zo ban ji ka ce 'ni na ce' ba. Mutumin da na aura ya faɗi a gaban mutane ya tashi ya ce tsoro ne. Wannan na yanzu ban san shi ba."

Maganar ta soke shi. Ya jingina da ƙofa, ya ce, "Ranar Asabar gwaggonnin yaron za su zo gaida Hajiya. Ki bari a wuce wannan, don Allah. Hajiya ta ce a bar Walƙiya a gida."

"Zan bari a wuce Asabar. Amma ba za a bar ta a gida ba. Jikar gidan ce, ba kayan wanki ba da za a tura ƙarƙashin gado in an yi baƙi."

Da Asabar ta zo, ta zaunar da yarinyar tsakanin ƙafafunta ta yi mata kitso, ta tattara gashin duka sama, kunnuwa biyu a fili. Ta ɗauki hular ulun ta jefa bayan kwalaye. Ta ƙi shiga motar mijinta, ta ce ya yi gaba, su za su taka. Haka suka ratsa bakin kasuwa da rana tsaka, ta riƙe hannun Walƙiya gam don kada ya kai kunne. Mai kemis ya leƙo har da dafa kantar shagonsa.

"Matar Injiniya! Ashe batiran nan na 'yar gida ne? Ni na ɗauka na agogo ne!"

"Nata ne," ta ce da ƙarfi yadda na kusa za su ji. "Ka ƙara aikawa a kawo, sun kusa ƙarewa."

A gidan Hajiya an share tsakar gida, an shimfiɗa sabuwar darduma a falo. Auta, ƙanwar Injiniya, ta fito da kwalliya tana danna waya. Tana ganinsu ta dafe ƙirji.

"Anti! Wayyo, filis, kada ki yi min haka yau!"

Hajiya ta fito daga ɗaki. Dattijuwa ce doguwa wadda ta riƙe 'ya'yanta ita kaɗai bayan rasuwar mijinta, kuma a garin nan ba ta da wata dukiya da ta wuce sunan gidanta. Ta dubi kunnen yarinyar, ta dubi surukarta.

Maman Walƙiya ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Hajiya ba ta amsa ba.

"Cire mata abin nan."

"Hajiya, ku yi haƙuri. Duk abin da kuka ce in yi a gidan nan zan yi, ko wanke-wanken baƙin ne ni kaɗai. Wannan ne kawai ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba? A gidana? Ke da kika zo jiya, me kika sani game da garin nan? Mu za ki bari da abin faɗa, ke ki tattara ki koma inda kika fito! Yarinyar nan marainiya ce," ta nuna Auta, "na sha wahala kafin in ga wannan rana. Wuni ɗaya na roƙa. Wuni ɗaya zai kashe ta ne?"

"Ba wuni ɗaya ba ne, Hajiya. Ta daina magana. A makaranta a safa take ɓoye shi. Ta ɗauka laifi ta yi."

Hajiya ta juya wurin ɗanta, wanda ke tsaye a bakin zaure kamar an dasa shi. "Kai! Kana ji matarka na mayar min da magana? In ni na haife ka, ka cire abin nan yanzu, ko ka kwashe su ku fita!"

Daidai nan aka yi sallama. Mata uku ne manya, da mayafai masu tsada da ƙamshin turare, gwaggonnin saurayin Auta. Hajiya ta haɗiye fushinta ta shiga yi musu maraba. A cikin wannan rububin Walƙiya ta zame hannunta daga na uwarta. Ta ga baƙi, ta ga babanta, ta san abin da ake yi. Ta zare na'urar, ta ruga ta miƙa masa, tana murmushi, tana jira ya yaba mata.

Murmushin nan ne ya karya shi. Injiniya ya dubi abin da ke tafin hannunsa. Ya durƙusa a kan simintin tsakar gida da fararen kayansa, ya juyo da fuskar 'yarsa, ya rataya mata na'urar a kunne. Ta sa hannu ta cire, ta sake miƙa masa, ta nuna baƙin da ido kamar mai tuna masa. Ya girgiza kai, ya mayar. Ta sake cirewa, yanzu bakinta ya fara rawa don ba ta gane ba. Ya mayar, ya riƙe 'yan hannayenta biyu a ƙirjinsa, hawaye na zubo masa a gaban uwarsa da ƙanwarsa da baƙi.

"Naki ne," ya ce a hankali, yana buɗe baki yadda za ta gani. "Bar shi. Yana da kyau. Baba ne ya yi kuskure."

Sannan ya miƙe ya ɗauke ta, ya fuskanci matan.

"Sannunku da zuwa, iyaye. Wannan 'yata ce ta fari. Ba ta ji sai da wannan na'ura, haka Allah ya ba mu ita. Na ga gara ku ji daga bakina."

Babbar cikinsu ta ce, "Allah sarki. Allah ya raya." Suka shiga falo, suka sha ruwa, suka yi hirar zafin gari. Ba su daɗe ba suka ce suna da wani wurin zuwa.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Kafin sati ya zagayo dangin saurayin suka aiko cewa a ɗan dakata, kuma kowa ya san ma'anar dakatawar. Auta ta kulle kanta a ɗaki ta yi ta kuka. Hajiya ta ce kada ɗanta ya sake taka mata gida. A masallaci, a wurin aiki, a bakin famfo, ba a da wata hira sai ta matar Injiniya 'yar birni da ta rusa auren ƙanwar mijinta. Matan da ke gaishe ta a hanya suka koma kallon gefe.

Ita kuwa ta kwance akwatinta.

"Ba za ki tafi ba?" mijinta ya tambaya.

"In tafi in bar ka da su kai kaɗai? Yanzu da ka dawo? Ina! Sai dai mu gaji da juna ni da garin nan."

Sai suka sake tsari. Lokaci-lokaci takan bi motar safe da Walƙiya zuwa babban birni, tafiya mai nisa a kan hanya mai ramuka, su ga malamar, ita ma uwar ta zauna ta koyi yadda ake koyarwa, su kwana gidan Yayanta su dawo. Injiniya in ya taso aiki ba ya tsayawa majalisa, sai ya zauna a tabarma da madubi a hannu, shi da 'yarsa suna kallon bakin juna suna "ba-ba-ba, ma-ma-ma", uwar na daga kicin tana cewa babban ɗalibin ya fi ƙaramar taurin kai. Duk Asabar kuma yakan je ƙofar gidan Hajiya ya yi sallama, a ƙi amsawa, ya ajiye cefane ya juyo. Matarsa ce ke haɗa cefanen, ba ta taɓa fasawa ba.

Maganar ta dawo wa Walƙiya da kaɗan-kaɗan, kamar ruwan famfon da aka daɗe da ɗaukewa. Surutun garin ma ya yi wani amfani da ba a zata ba, don wata rana wata mata ta ƙwanƙwasa ƙofa da yaro a bayanta, ta ce a kemis ta ji labari, nata ɗan ma ba ya ji, bai taɓa fita ƙofar gida ba.

Auta ce ta fara zuwa daga gidan Hajiya. Ta rame, amma ta shigo da tsiwarta.

"Anti, ban yafe miki duka ba fa, rabi na yafe. Amma kin san ko kira ɗaya gayen nan bai yi min ba? Ko 'sori' a waya! Gwaggonninsa suka ce ya zauna, ya zauna. Da na aure shi, ranar da na haifi mai ido ɗaya fa?"

Auren nan bai dawo ba, kuma Auta ta daɗe kafin ta sake sauraron wani. Wannan rashi ne na gaske, ba wanda ya yi kamar ba a yi shi ba.

Hajiya kuwa sai da aka kusa shekara. Wata ranar Lahadi da hantsi suka ji sallama, sai ga ta a tsakar gida da carbi a hannu, tana kallon bango, tana cewa wucewa ta zo yi, ta ga ƙofa a buɗe. Maman Walƙiya ta durƙusa ta gaishe ta kamar jiya suka rabu, ta shimfiɗa mata darduma. Wannan karon Hajiya ta amsa.

Walƙiya ta leƙo daga bayan labule, kitsonta a sama, na'urarta a kunne. Ta ga baƙuwa, hannunta ya ɗan motsa, sannan ya koma gefe. Hajiya ta yafito ta. Ba ta taɓa yi wa jikarta magana da na'urar a kunne ba, ba ta san yadda ake yi ba. Ta jawo ta, ta kafa baki daidai kunnen, ta ɗaga murya iyakar ƙarfinta:

"ƘAWATA! KIN GANE NI?"

Walƙiya ta zabura, ta ɓata fuska, ta dafe kunne.

"Kaka, a hankali! Ina ji!"

Injiniya ya fashe da dariya har ya dafa bango. Hajiya ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai faɗan ya ƙi fitowa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ɗaya hannun kuma na riƙe da yarinyar ta ƙi saki.

"Sake faɗa," ta ce daga cikin mayafin, a hankali wannan karon. "Sake faɗa in ji."

Duk mai shirin kwashe iyalinsa zuwa wani gari, kafin ya duba faɗin tsakar gida, ya fara duba mafi rauni a cikinsu, ya tambayi kansa me garin zai ba shi, me kuma zai ƙwace masa. In kuma an riga an je, to bakin mutane ba ya ƙarewa, amma ƙuruciyar yaro tana ƙarewa. Maman Walƙiya ba ta taɓa ɗaga wa surukarta murya ba, ba ta kuma ja da baya ko taku ɗaya ba. Haƙuri irin wannan shi Allah ke saka wa.